Yadda za ka karanta tsohon mazauni a kan Dutsen Kufena

In za ka hau Kufena, can yamma da birnin Zariya, ka bari sai rani, lokacin ciyawa ta bushe ƙasa ta fito fili, da damina kam ba abin da za ka gani sai haki da santsi. Ka fita da sassafe, da ruwa a gora da takalmi mai riƙe dutse.

Kar ka yi saurin hawa. Fara zagaya gindin dutsen ka nemi ragowar ganuwa, yanzu ta zama wani dogon tudu ne kawai, amma in ka bi ta da ido za ka gane mutanen zamanin da sun zaɓi wurin ne saboda tsaro, daga sama ana hango mahara tun daga nesa.

Sannan ka riƙa duba ƙasa sosai, musamman inda ruwa ya zaizaye. Tsingaro da zanen da ke jikinsa, ramukan da niƙa ya lotsa a jikin dutse, kashin maƙera baƙi mai nauyi wanda ke nuna an taɓa narka tama, irinsa ne ma ya sa aka gano ana aikin ƙarfe a Dutsen Dala na Kano tun wajen ƙarni na 7.

Don Allah kar ka tona, kar ka tsinci komai ka sa aljihu, wallahi abin nan yana min ciwo, tsingaro in ya bar inda yake labarinsa ya tafi ke nan. Ɗauki hoto da waya, aje biro kusa don a gane girmansa, ka adana lokeshan, sai ka kai wa malaman kimiyyar tona tarihi na jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru.