Darasi na Tara: Hanyar Jama'a a Cikin Gonar Wani

A Ingila da Wales, gona ta mai ita ce, amma idan hanyar jama'a ta ratsa ta, ba shi da ikon ce wa kowa koma. Abin ya yi kama da burtali a wurinmu, sai dai can don masu tafiya aka tanade shi. Majalisar gunduma ce ke tsaron waɗannan hanyoyi.

Babban makaminta taswira ce. Wata doka ta shekarar 1949 ta sa kowace majalisa ta zana hanyoyin yankinta a taswira guda, tare da takardar bayani. Duk hanyar da ta shiga ciki ta tabbata a gaban shari'a, ko da ciyawa ta cinye ta, ko da an yi shekaru ba wanda ya taka. Wadda ba ta ciki kuwa ana iya shigar da ita, in an kawo shaidar cewa jama'a sun bi ta shekara 20 a jere, a fili, ba da neman izini ba, ba kuma da ƙarfi ba.

A kan turaku za ka ga kibiya. Rawaya ta masu ƙafa ce kawai. Shuɗiya ta haɗa da doki da keke. Ja ta yarda har da mota.

Aikin a rabe yake. Majalisa ce ke gyara doron hanyar, ta sare ciyawar da ta tsiro a kai, ta kafa allo a inda hanyar ta rabu da titin kwalta. Reshen da ya leƙo daga shinge, da ƙyaure, da matakalar tsallake shinge, waɗannan na mai gona ne, amma majalisa na biyan aƙalla kashi ɗaya bisa huɗu na kuɗin gyaran ƙyauren da matakalar.

Rigima ta fi tashi lokacin huɗa. Hanyar da ta bi gefen gona ba a huɗe ta ko kaɗan. Hanyar ƙafa ko ta doki da ta ratsa tsakiya ana iya huɗewa, amma cikin kwana 14 dole manomi ya daidaita ƙasar, ya fito da layin yadda mai tafiya zai gane shi. In ya sake taɓa wurin a wannan noman, awa 24 kawai gare shi. Faɗin da zai bari: mita 1 ga hanyar ƙafa, mita 2 ga ta doki. Kuskuren da aka fi yi shi ne a gyara bayan huɗa a manta, sai alkama ta tashi ta rufe layin. Mai tafiya ya iso bakin gona, ya ga tsanwa har can, ya rasa ta inda zai bi, ya kutsa ta ko'ina. Ɓarnar da manomin ke gudu sai ta ninka.

Bijimi ma yana da doka. Idan na irin shanun madara ne, kamar Jersey, kuma ya wuce wata 10, ba a sakin sa a filin da hanya ta ratsa. Na sauran iri sai yana tare da shanu mata.

To, in an tare hanya da waya ko an garƙame ƙyaure fa? Ka kai rahoto majalisa, ka faɗi wurin daidai, da ranar, da hoto in akwai. Jami'i zai fara da lallashi, sannan takardar gargaɗi. In wa'adi ya cika, majalisa ta cire shingen ta aika wa mai gona lissafin kuɗin. Ita ma in ta yi kunnen uwar shegu, kowane mutum na iya kai ta kotun majistare.

Wanda ke son karkatar da hanya ba ya yi da kansa. Sai ya nema, majalisa ta buga sanarwa, ta bar aƙalla kwana 28 don masu ƙorafi. Mutum ɗaya tak in ya ƙi janye ƙorafinsa, magana ta fita daga hannun majalisa, ta koma gaban sufeton gwamnati.