Larabcinka ba zai karanta maka takardar haya a Istanbul ba

Ƙannena da kuka sauka kwanan nan, mutum uku ke nan cikin wata biyu suna zuwa mini da takarda iri ɗaya a hannu, kuma kowanne sai ya ce wai dillali ne ya fassara masa da Larabci. Haba! Abin da ya faru da ni shekarun baya shi nake gani yana maimaituwa, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Layin waya da katin Istanbulkart na shiga mota da jirgin ƙasa ba abin damuwa ba ne, yini ɗaya kun gama.

Mu da muka tashi da allo da Islamiyya muna zuwa da wata dama da baƙi da yawa ba su da ita, kuma ina alfahari da hakan. Ka shiga unguwannin Fatih ko Aksaray, Larabcin mutanen Siriya da suka kwararo tun 2011 zai saya maka burodi, ya samo maka aboki. Amma garin ba harshe ɗaya yake yi ba. Mai shayin da ka ji yana waya da wani yare daban wataƙila Kurdanci yake yi, ɗan'uwan Farisanci, babu abin da ya haɗa tushensa da Larabci ko Turkanci. Kada ka ce masa Balarabe, ba zai ji daɗi ba. A Zeytinburnu kuwa za ka ji 'yan Afghanistan, wasu da Dari, wato Farisancin ƙasarsu, wasu da Uzbek wanda Baturke ke tsintar wani abu a ciki. Ko a masallaci, Baturke "namaz" yake ce wa salla, alwala "abdest", Annabi "peygamber", duk aro daga Farisanci. Ranar farko da aka tambaye ni ko ina da abdest, tsayawa na yi ina kallon mutumin.

Takarda kuwa Turkanci kaɗai ta sani, kuma da haruffan boko tun 1928. A nan Larabci ke yaudarar mutum, domin kalmomin suna kama da na gida. "Ikamet", izinin zama, daga iƙama take. "Misafir" baƙo ne, ba matafiyi ba. "Kira" ita ce haya. "Aidat" kuɗin hidimar bene ne na wata-wata, wanda babu mai gaya maka sai ka tare.

Ni wani dillali mai zaƙin Larabci ne ya kai ni wurin mai gida. Muka gaisa, muka yi addu'a, na saki jiki kamar ina gaban yayana. Bayan yarjejeniyar haya sai aka turo mini wata 'yar takarda, ba kwanan wata a kanta. Dillalin ya ce al'ada ce kawai. Na sa hannu. Sunanta "tahliye taahhütnamesi", wato alkawarin fita daga gida. Shekara na zagayowa mai gida ya so ninka haya, na ƙi, sai ya cike kwanan watan da ya ga dama a takardar. Cikin sanyin Janairu na kwashe kayana, ga adireshin ikamet ɗina a wannan gidan, ga jarrabawa a gabana. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi, domin kalmar "tahliye" ma daga Larabci take, da na nutsu da na gane.

Kuɗin ajiya a doka ba ya wuce hayar wata uku, ku riƙe wannan. Kafin ku biya ko sisi, ku tambayi ofishin shige da fice ko unguwar a buɗe take ga baƙi, domin a 2022 an rufe rajistar sababbin baƙi a unguwanni sama da dubu a faɗin ƙasar, Fatih da Esenyurt ma an riga an rufe su kafin nan. Dillali ba zai faɗa muku ba, ladansa yake jira. In za ku je wurin "noter", jami'in da ke shaida takardu a hukumance, a tabbatar da yarjejeniya, ku nemi tafinta mai rantsuwa, "yeminli tercüman", ba abokin mai gida ba.

Ɗalibai kuma, shekarar koyon Turkanci a TÖMER, cibiyar koyar da harshen ta jami'a, ba hutu ba ce, ku daina tsallake aji kuna zaman hira a Aksaray. Muna da 'yan'uwa a garin nan da suka ƙware har suna yi wa 'yan kasuwar Kano tafinta a Laleli. Duk wanda aka miƙa wa takarda ya ce zai dawo gobe, ya ɗauki hotonta, ya kawo wa ɗaya daga cikinsu bayan sallar Juma'a a karanta masa layi bayan layi.