Kurakuran da masu sana'ar busassun 'ya'yan itatuwa na leda suka fi yi

Abin da ke ruɗin sabon shiga wannan sana'a shi ne ganin kayan na yin watanni a kanti ba tare da firiji ba. Sai ya ɗauka tunda ba sa ruɓewa da wuri, babu asara. Asarar kuwa tana nan, sai dai a gona da teku da sito take jiransa.

Kuskuren da ya fi ci wa mutane jari shi ne dogara da yanki guda. Ana sayar da zabibi ko afirikot (wani ɗan itace mai launin ruwan lemo da ƙwallo ɗaya a ciki) duk shekara, amma girbinsu sau ɗaya ne. Mafi yawan busasshen afirikot da ke kasuwar duniya daga lardin Malatya na Turkiyya yake fitowa. A watan Afrilun 2025 sanyin ƙanƙara ya faɗa wa gonakin, ya lalata galibin amfanin shekarar, farashi ya yi tashin gwauron zabo. An taɓa ganin haka a 2014. Duk wanda ya riga ya yi wa manyan kantuna alkawarin kaya a tsohon farashi, daga aljihunsa ya cike giɓin. Ga shi kuma busarwa na ninka tsada, domin sai an shanya kusan kilo 4 na inabi kafin a samu kilo 1 na zabibi. Maganin shi ne ka tanadi mai kawo kaya na biyu a inda lokacin girbi ya bambanta, kamar Afirka ta Kudu ko Chile ga mai neman zabibi. Ka gwada samfurinsa tun ana zaman lafiya, ka riƙa sayen ko kaɗan ne a hannunsa don ya san ka. A yarjejeniyarka da kantuna kuma, ka sa sharaɗin sake duba farashi idan girbi ya lalace.

Sai amincewa da takardar shaidar dillali ido rufe. Wannan ya fi damuna, don yara ma na cin irin waɗannan kaya. Busasshen ɓaure kan ɗauki gubar fumfuna ta aflatoksin, zabibi kuma okiratoksin, kuma Tarayyar Turai na mayar da kaya daga kan iyaka saboda su. A 2023 an janye markaɗaɗɗiyar tuffa mai kirfa daga kasuwannin Amurka bayan an samu dalma a jinin yara. A kirfar matsalar take, ɗan abin da ake barbaɗawa don ƙamshi. Kowane kaso da ya iso, ka aika samfuri ɗakin gwaji mai zaman kansa, har da kayan haɗin da ake rainawa.

Tsumulmular kuɗin leda ma asara ce. Danshi na shiga, kayan su yi laushi ko su dunƙule, musamman waɗanda aka busar ta hanyar daskarewa.

Akwai kuma lissafin wa'adi. Tun ranar da aka ƙunshe kayan yake fara tafiya, ba ranar da suka iso ba. Da hare-haren Bahar Maliya suka sa jiragen ruwa zagayawa ta kudancin Afirka daga ƙarshen 2023, tafiyar ta ƙaru da kwana 10 ko fiye. Manyan kantuna kuwa ba sa karɓar kayan da wa'adinsu ya ci rabi. A sito, ka fara fitar da wanda ya fi kusa da ƙarewa, ko da shi ne ya iso daga baya.

Rubutun jikin leda ya kan jefa wasu cikin matsala. Chile tun 2016, Meziko tun 2020, suna tilasta manna baƙin tambarin gargaɗi a kan kayan da aka cika wa sukari. Idan ka zaƙaƙa kayanka da kaurarren ruwan 'ya'yan itace, ka bincika dokar kasuwar da za ka kai kafin ka rubuta "babu ƙarin sukari". Sinadarin salfa da ke riƙe launin afirikot ma, in ya kai miligiram 10 a kilo, Amurka na buƙatar a bayyana shi a jiki, Turai kuma da zarar ya haura haka.