Kurakuran da aka fi yi wajen sa kwamfuta ta haɗa kundin LaTeX da kanta

Duk wanda ya rubuta kundin digiri da LaTeX, wato tsarin da ke mayar da rubutu mai ɗauke da umarni ya zama PDF, ya san ?? ɗin nan da ke fitowa inda ya kamata lambar jadawali ko ta babi ta fito. Dalili shi ne pdflatex, manhajar da ke haɗa PDF ɗin, ba ya sanin lambar sai ya gama zagayen farko ya ajiye ta a fayil ɗin .aux, sannan ya ɗauko ta a zagaye na biyu. In akwai manazarta, sai an bi ta pdflatex, bibtex (mai tsara manazarta), pdflatex, pdflatex. Daga nan ne mutane ke rubuta ƙaramin Makefile, wato fayil ɗin umarnin da manhajar make ke bi, su jera layukan nan huɗu, su ce an gama.

Ba a gama ba. Wani lokacin huɗun ba sa isa, domin shigowar manazarta na iya tura shafuka gaba, lambobin da ke ƙunshiya su koma ƙarya. Wani lokacin kuma waƙafi ɗaya ka gyara amma sai ka zauna jiran zagaye huɗu. Maganin shi ne latexmk, wanda ke zuwa tare da TeX Live, kunshin manhajojin LaTeX: yana duba fayilolin da suka canza, ya maimaita har komai ya daidaita, ya kuma gane da kansa ko bibtex ake buƙata ko biber. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne, don masu amfani da biblatex (wani kunshin tsara manazarta) da yawa suna kiran bibtex alhali biber ne asalin abokin tafiyarsa, sai manazarta su ƙi fitowa.

In ka dage sai Makefile, to kula da abu biyu. Layin umarni da TAB yake farawa. Ka sa sarari, make ya ce maka "missing separator", dokar TAB ɗin nan kuwa tana nan tun da Stuart Feldman ya ƙirƙiro make a 1976. Na biyun ya fi cutarwa: ka ce kundi.pdf ya dogara da kundi.tex kaɗai, ka manta babobin da ke wata jaka da fayil ɗin manazarta na .bib. Sai ka kwana kana gyaran babi na uku, make ya ce komai na nan daidai, ka tura wa malaminka tsohon kwafi. Ko dai ka lissafa su duka, ko ka sa dokar ƙarƙashin .PHONY (alamar da ke hana make cewa an riga an gama) ta riƙa kiran latexmk kullum, shi ya yanke hukunci. Ni na biyun nake yi.

Sai matsalar da ta shafe mu kai tsaye, wato haruffa masu lanƙwasa. Ka rubuta ƙ ko ɗ ko ɓ, pdflatex ya tsaya ya ce bai san harafin ba, yana kiran sa da lambarsa, kamar U+0199 ga ƙ. Abin da na ga ɗalibai na yi shi ne su ƙara -interaction=nonstopmode don ya daina damunsu. To ya daina, PDF ya fito, amma "ƙasa" ta zama "asa", "ɗalibi" ya zama "alibi". Na taɓa ganin kundi guda da aka buga aka ɗinke a haka, sai a gaban masu jarrabawa aka lura. Gyaran shi ne ka koma latexmk -xelatex ko -lualatex, ka sa fontspec, kunshin zaɓen salon rubutu (font), ka zaɓi rubutun da ke da haruffan, irin Charis SIL ko Gentium. Amma a nan ma akwai tarko: in rubutun da ka zaɓa ba shi da ƙ, xelatex ba zai tsaya ba, zai rubuta gargaɗin "Missing character" cikin tarin saƙonninsa inda ba mai dubawa, ya wuce ba tare da harafin ba. Sa \tracinglostchars=3 a farkon fayil, in TeX Live ɗinka na 2021 ne ko sama, sai ɓatan harafi ya zama kuskuren da ke tsayar da aiki. Kuma duk inda ka sa nonstopmode, ka haɗa shi da -halt-on-error don ya tsaya a kuskuren farko.

Akwai kuma ranar da za a ɗauke wuta ana tsakiyar haɗawa. Ka kunna kwamfuta, LaTeX ya fara kukan wani layin da ba kai ka rubuta ba. Kada ka taɓa babinka: .aux ne ya yanke a rabi. Ka buga latexmk -C ya share fayilolin da ya ƙirƙira har da PDF ɗin, ka sake haɗawa. Ƙaramin -c kuwa yana barin PDF. Wannan ya fi rubuta umarnin sharewa na rm *.aux da hannu nesa ba kusa ba, domin sarari ɗaya tsakanin tauraro da .aux ya isa ya kwashe duk fayilolin da ke cikin jakar, har da kundi.tex.

Sunan fayil ma: Windows ba ta bambanta Hoto1.PNG da hoto1.png, Linux tana bambantawa, don haka abin da ya haɗu a kwamfutarka zai iya ƙin haɗuwa a ta abokin aikinka. Don haka a sunan fayil: ƙananan haruffa, ba sarari, ba lanƙwasa.