Kurakuran da ke raba samari da zawiyoyinmu, da yadda za a gyara

Talatar da ta wuce na ƙirga waɗanda suka zauna wazifa a zawiyar Tijjaniyya ta unguwarmu bayan magariba. Mu goma sha huɗu ne muka kewaye farin ƙyallen, kuma in ka cire mutum biyu, duk furfura ce. Alhali wannan zawiyar ce ta cika motoci da samari a watan Rajab zuwa Maulidin Shehu Ibrahim Inyass. Kuskurenmu na farko ke nan: muna auna ƙarfin ɗariƙa da cikowar ranar Maulidi. Taron shekara kowa na zuwa, don akwai tafiya da bege da abokai. Muƙaddamin da ke son sanin halin da yake ciki ya duba sahun wazifar ranar da ba Juma'a ba, ya san sunan kowane yaro da ya saba gani, ya lura da ranar da ya daina ganinsa.

Daga nan sai gaggawar ba da wuridi. Saurayi ya zo sau biyu, zuciyarsa ta motsa da zikirin Juma'a, sai a kama hannunsa a yi masa talƙini, a ce an samu ƙarin ɗan'uwa. Ba a zaunar da shi an faɗa masa nauyin abin ba: lazimi safe da yamma, istigfari 100, salatin Annabi 100, hailala 100, ga wazifa kullum, ga ramuwa in ya kuɓuce, kuma alkawari ne har mutuwa. Wata uku sai ramuwa ta taru masa, kunya ta kama shi, ya fara canza hanya in ya hango Malam. Da an bar shi ya yi watanni yana zama wazifa, ana gyara masa alwala da salla a Ahalari ko Ishmawi, ana karanta masa sharuɗɗa ɗaya bayan ɗaya, da ranar da zai karɓa ya san abin da ya ɗauka. Wanda ya riga ya tara ramuwa kuwa, a kira shi gefe cikin sirri a nuna masa yadda zai fara biya, kada a ambaci sunansa a bainar jama'a.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne hana tambaya. Na taɓa ganin wani ɗalibin jami'a ya durƙusa gaban wani dattijo, wayarsa a hannu, ya ce: "Allah ya gafarta Malam, a makaranta ana ce mana Salatul Fatihi ba ta da asali, ni kuma ban san amsar da zan bayar ba." Dattijon ya haɗe rai ya ce: "Kai yaro, ladabi ake nema a nan, ba jayayya ba." Yaron ya ce a yi masa afuwa, ya sa takalmansa. Ban sake ganinsa a sahu ba. Wannan yaro amsa ya zo nema, don yana son ya tsaya. Tun da aka kafa Izala a Jos a 1978 ake wannan muhawara a masallatai da kasakasai, yanzu kuma ta koma Facebook da TikTok, inda yaro ke jin suka sau goma kafin ya ji bayani sau ɗaya. A can ne kuma yake cin karo da masu wuce gona da iri da sunan haƙiƙa, suna faɗin maganganun da shehunnan ɗariƙa da kansu suka yi tir da su. In babu mai rarrabe masa, ko dai ya bi masu sukar, ko ya bi masu ɓarnar.

Gyaran ba shi da tsada. A ware dare ɗaya a mako, a buɗe littafi, a ce kowa ya kawo abin da ke damunsa. Shehu Ibrahim ya rubuta Kashiful Ilbas don warware irin waɗannan ruɗani, kuma akwai malamai masu iya fassara shi da Hausa a kusan kowane gari. Muƙaddamin da bai san amsa ba ya ce "zan tambayo", ya kuma tambayo ɗin. Wannan ba ya rage masa girma a idon yaro ko kaɗan.

Sai batun hidima. A zawiyoyi da yawa aikin saurayi bai wuce shimfiɗa tabarma, cika butoci, ɗaura lasifika da raba shayi ba. Hidima tarbiyya ce, ban musa ba, kuma duk mun yi ta. Amma mutum ya shekara goma yana naɗe tabarma, ya yi aure har da 'ya'ya, ba a taɓa cewa "me ka gani?" ba ranar da ake shawarar kuɗin Maulidi. Mu tuna an haifi Shehu Ibrahim a 1900, kuma a 1929 ya bayyana faila, wato ambaliyar sanin Allah, bai cika talatin ba. Ƙungiyar da aka kafa a Kano a 1963 don kare ɗariƙu, Fityanul Islam aka sa mata, wato samarin Musulunci. A ba saurayi littafin ajiya ya riƙe, wani ya ja baƙi a karatu, wani ya koyar da ƙananan yara, wani ya kula da shafin zawiya. In ya yi kuskure a gyara masa a ɓoye, a bar masa aikin. Haka ma 'yan mata, waɗanda sau da yawa girkin Maulidi kaɗai ake tunawa da su, alhali Shehu ya karantar da 'ya'yansa mata har suka zama malamai, ya kuma ba mata muƙaddamanci.

Akwai kuma mantawa da cewa yaron nan yana da ciki da aljihu. A da zawiya masauki ce. Baƙon da ya taso daga Kano zuwa Kumasi ko Yamai yakan sami wurin kwana da mai nuna masa kasuwa saboda 'yan'uwantakar wuridi, attajiran zawiya kuma sukan ɗauki yaran ihwani a shagunansu har su yaye su da jari. Yau da yawa daga cikinmu mun san yaro bai zo wazifa ba, amma ba mu san ya gama makaranta shekara uku yana zaune ba aiki ba. Kowace zawiya tana da tela, da kafinta, da ɗan kasuwa, da ma'aikacin gwamnati. Kowanne ya ɗauki yaro ɗaya.

A nan ne karo-karo ke yin ɓarnar da ba a lura da ita. Wani direban Adaidaita Sahu a cikinmu ya ɓace wata biyu, aka yi ta cewa duniya ta ɗauke masa hankali. Da wani dattijo ya taka har gidansu, sai ya tarar an yanka wa kowa kuɗin anko da na mota, shi kuma ko balas ɗin mai keke bai iya haɗawa ba, ga lokacin magariba shi ne lokacin da fasinja ke yawa. Dattijon ya ce: "Ɗana, wa ya ce maka da kuɗi ake zama wazifa?" Aka soke yanka wa mutum adadi, aka ajiye akwati kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa, aka kuma nuna masa wata zawiya kusa da tasharsu da ke yin tata wazifar bayan asuba. Can yake zama yanzu, ranar Juma'a kuma bayan la'asar yakan jingine kekensa a ƙofar zawiyarmu ya shigo zikiri.