Yadda Mai Raunin Hannu Zai Shirya Ƙaramar Bindigar Gida

Dattawa da dama a unguwannin Nima da Mamobi na birnin Accra suna fama da sanyin ƙashi a yatsu, don haka jan sashen sama mai zamewa na ƙaramar bindiga yakan gagare su. Kafin komai, a tabbatar da cewa lasisin da 'yan sandan Gana suka bayar bai ƙare ba, domin duk shekara ake sabunta shi.

Da farko a buɗe akwatin da aka kulle ta, a juya bakinta inda babu mutum, yatsa kuma ya nisanci kunama. A cire gidan harsashi, a ja sashen saman baya a leƙa cikin bindigar kanta a ga babu harsashin da ya rage, domin da bindiga marar harsashi ake koyo.

Sai a matso da ita kusa da ƙirji, a dafe bayan sashen saman da tafin hannu gaba ɗaya, ba da yatsu biyu ba, sannan a tura mariƙin gaba da ƙarfin kafaɗa. Idan sashen saman ya kai ƙarshe a sake shi ya koma da kansa, kada a raka shi, don rakiyar ce ke sa ta cije.

Bayan an gama, a mayar da ita akwati a kulle, a ajiye mabuɗin inda jikoki ba sa kaiwa.