Yadda na gyara muryar da ta ƙi bin baki

Wata Hajiya mai sayar da atamfa a Babbar Kasuwar Yamai ta ba ni aikin talla, bidiyo na minti biyu, sunan shago yana shigowa yana juyawa a ƙasa. Da wayata na ɗauka. A farko komai daidai, amma kafin ƙarshe bakinta ya rufe, muryar tana can tana faɗin farashin leshi.

Kwana biyu ina jan sautin da hannu. In na daidaita nan, can ya goce.

Ashe matsalar daga wayar take. Waya ba ta tsayawa kan adadin hoto ɗaya a daƙiƙa: a bakin shago cikin rana tana ba da 30, da muka shiga ciki inda haske ya yi ƙaranci sai ta rage. Manhajar tace bidiyon kuwa ta ɗauka 30 ne daga farko har ƙarshe.

Na sauke HandBrake, manhajar sauya tsarin bidiyo, kyauta ce. Na saka ainihin bidiyon, na zaɓi tsarin bidiyo na H.264, na sa hoto 30 a daƙiƙa, na danna Constant Framerate, wato adadin hoton ya tsaya bai canzawa. Da na mayar da sabon fayil ɗin cikin aikin, murya ta zauna a bakinta daram. Rubutun sunan shagon ma ya daina ɗingishi.

Na tura wa Hajiya ta WhatsApp a matsayin takarda, wato document, don kada a matse shi ya dushe. Ta kira: "Ɗana, ya yi. Amma jan nan na sunan shago, a mayar da shi kore."